Nazarin Lamari: Ikkilisiyar da Ta Kusa Rabuwa a Kan Shekara Dubu ta Wahayin Yahaya

Kafin saɓanin

Ikkilisiyar ba babba ba ce. Masu zuwa sujada ranar Lahadi kimanin 200 ne, tana da fasto ɗaya da majalisar dattawa ta mutum 7. An sakaya sunanta da na mutanen da abin ya shafa, domin yawancinsu har yanzu tare suke sujada. Takardar bangaskiyarta ta ce Yesu Almasihu zai dawo cikin jiki, a bayyane, ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan ƙarshen zamani, kuma an yi shekaru ba wanda ya lura cewa ta tsaya a nan.

Dalili kuwa, mutum ɗaya ne ke koyar da wannan fanni tun da daɗewa. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ya fi shekara 20 yana jan binciken Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba. Koyarwarsa a jere take: da farko Almasihu zai fyauce masu bi, wato ya ɗauke su farat ɗaya daga duniya zuwa wurinsa, bisa 1 Tasalonikawa 4:16-17, sai shekara 7 na babban tsanani a hannun magabcin Almasihu, sa'an nan Ubangiji ya sauko ya yi mulkin shekara dubu cif a duniya, bisa Wahayin Yahaya sura 20. Yana da zanen wannan jeri a wata doguwar takarda da ya yi da hannunsa, ta tsufa har an manne wuraren ninkinta. Yawancin 'yan ikkilisiyar da wannan zane suka tashi, ba su ma san akwai masu bi da ke karanta ayoyin ta wata hanya ba.

Mutum na biyu matashi ne, ɗan ikkilisiyar. Dattijon nan ne ma ya koyar da shi a ajin shirin baftisma. Ya yi shekara 4 a makarantar tauhidi, da ya dawo aka ba shi ajin matasa na makarantar Lahadi. A fahimtarsa, shekara dubu adadi ne na alama kamar sauran lambobin littafin Wahayi, tana nufin dukan zamanin da ke tsakanin zuwan Almasihu na farko da na biyu. Dawowa kuma ɗaya ce, fyaucewa da bayyanuwa duk a rana guda.

Wata na 1 da na 2: tambaya a ajin matasa

Wata yarinya ce ta tayar da maganar, ba da wata manufa ba. Ta tambaya ko za a bar ta a baya idan fyaucewa ta same ta da zunubin da ba ta riga ta furta ba. Ta ce takan farka cikin dare ta je ta leƙa ɗakin iyayenta ta ga ko suna nan.

Malamin ajin, wato matashin nan, ya buɗe Matiyu 24:37-41. Ya nuna wa ajin cewa kafin maganar "a ɗauki ɗaya a bar ɗaya" Yesu ya kawo misalin kwanakin Nuhu, kuma a can waɗanda aka kwashe su ne waɗanda ruwa ya ci. Ya ce wa yarinyar cetonta na hannun Almasihu, ba a kan ko ta tuna kowane laifi kafin ta kwanta yake ba. Da ya tsaya nan, da wataƙila ba a sami abin rubutawa ba. Sai ya ƙara da cewa zanen da suka saba gani bai kai shekara 200 a duniya ba, ya kuma ba su labarin William Miller na Amurka, wanda mabiyansa suka jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844 har gari ya waye. Ajin ya yi dariya. Jikan dattijon na cikin ajin.

Ranar Laraba dattijon ya karanta 2 Bitrus 3:3-4, a kan masu ba'a da za su zo a kwanakin ƙarshe suna tambaya ina alkawarin zuwansa. Ya haɗa da 2 Timoti 2:17-18, inda Bulus ya ambaci Himinayas da Filitas, masu cewa tashin matattu ya riga ya wuce, suna jirkitar da bangaskiyar waɗansu. Bai kama suna ba. Ya dai ce, "An shigo mana da koyarwar ƙarya, kuma ta ƙofar yaranmu aka shigo." Hujjarsa ita ce malamin ya koyar cewa "tashin farko" na Wahayi 20:5-6 abu ne na ruhaniya da ke faruwa tun yanzu.

Kafin wata na biyu ya ƙare, iyalai 3 sun cire yaransu daga ajin. Saƙonnin murya suka yi ta yawo a zauren WhatsApp na ikkilisiya. Ɓangare ɗaya na kiran ɗayan "masu ba'a", wancan kuma na mayar da "masu jiran jirgi".

Wata na 3: dokar rufe baki

Majalisar dattawa ta zauna ta yanke abu biyu. A dakatar da malamin daga koyarwa har ƙura ta lafa, kuma kada kowa ya ƙara taɓa zancen ƙarshen zamani a bagade, ko a aji, ko a zauren WhatsApp. Ba a kira malamin an ji ta bakinsa ba, don a ganin majalisar ba hukunci ta yanke ba, hutu kawai ta ba shi.

Ba haka jama'a suka gani ba. Mutanen dattijon suka ce ai ga shi majalisa ta tabbatar. Matasa suka ce an yanke wa mutum hukunci ba tare da shari'a ba, suka fara taruwa a gidan ɗayansu da yammacin Laraba, daidai lokacin binciken. Masu zuwa binciken suka ragu daga wajen 60 zuwa 35. Dattijon ma bai ji daɗin dokar ba, tun da ta hana shi koyar da abin da ya fi ƙauna, kamar shi ma an sa shi a layin masu laifi.

Abin ya kai ga Jibin Ubangiji, inda masu bi ke karɓar gurasa da ƙoƙo tare don tunawa da mutuwar Almasihu. Dattijon na cikin masu rarraba gurasa. A wannan wata, da ya iso layin matasa da faranti, kusan mutum 10 suka sunkuyar da kai suka bar shi ya wuce. Da wani dattijo dabam ya zo da ƙoƙo, waɗansunsu suka karɓa.

Wata na 5: muƙabala

Ganin shiru bai yi magani ba, fasto ya ba da shawarar a baje komai a fili. Aka sa rana, kowa minti 30, sai tambayoyi.

Ta fuskar hujja, dukansu sun yi shiri. Dattijon ya ce an maimaita "shekara dubu" sau 6 daga aya 2 zuwa 7 na Wahayi 20, kuma Allah ba ya maimaita adadi haka don a ce ba shi yake nufi ba. Da yake surar ta ce za a ɗaure Shaiɗan tsawon shekara dubun, ya tambaya, in Shaiɗan a ɗaure yake yanzu, me ya sa 1 Bitrus 5:8 ta ce yana zagayawa kamar zaki mai ruri? Ya kawo 1 Tasalonikawa 5:9, cewa Allah bai ƙaddara mu ga fushi ba. Malamin ya amsa cewa Wahayi 20:3 da kanta ta faɗi iyakar ɗaurin, wato kada ya ƙara yaudarar al'ummai, ya haɗa da ɗaure ƙaƙƙarfan mutum a Matiyu 12:29. Ya kawo Yahaya 5:28-29, inda masu nagarta da masu mugunta ke fitowa daga kabari da jin murya ɗaya, da 2 Tasalonikawa 2:1-3, inda ranar ba za ta zo ba sai an bayyana mutumin zunubi. Ya ce dabbobin da ke kan tuddai dubu a Zabura 50:10 ba wanda ya taɓa ƙirga tuddan.

Amma jama'a ba sauraro suka zo yi ba. Kowace aya ta faɗo, rabin majami'a ya tafa. Wajen ƙarshe malamin ya shiga bayanin nahawun Helenanci, dattijon ya tare shi ya ce, "Ɗana, ni ban karanta Helenanci ba, amma na san abin da aka rubuta."

"Baba, ai matsalar ke nan," in ji malamin.

Matar dattijon ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita, mata da dama suka bi ta. Fasto ya rufe da addu'a ba a kai ga tambayoyi ba.

Wata na 6: wa'azi a kan hukunci

Lahadi biyu a jere fasto ya yi wa'azi daga Matiyu 7:1-5, kada ku yi wa kowa hukunci, da zancen ɗan hakin da ke idon ɗan'uwa da gungumen da ke naka. Kowane ɓangare ya ce amin da ƙarfi, yana kallon ɗayan.

Bayan sujada dattijon ya same shi a ofis. Ya ce, "Baba Fasto, a wannan surar dai, aya 15, Ubangiji ya ce mu yi hankali da annabawan ƙarya. Bulus ya la'anci mai kawo wata bishara dabam a Galatiyawa 1:8, ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Wasiƙar Yahuza ta ce mu yi fama saboda bangaskiya. In na ga kyarkeci cikin tumaki na yi shiru, shi ne rashin hukunci?" Fasto ba shi da amsa a lokacin. Ikkilisiyar ba ta da wani ma'auni a rubuce da zai raba abin da ake fama a kansa da abin da ake haƙuri da juna a kansa.

Wata na 7 zuwa na 9: zama uku

Majalisa ta gayyato wani tsohon fasto mai ritaya daga ɗarikarsu, da fatan zai faɗi wanda ke da gaskiya. Ya ce ba zai faɗa ba, kuma har ya gama aikinsa bai bayyana nasa ra'ayin ba. Ya nemi a ɗage dokar rufe baki, a ba shi wata uku.

A zama na farko ya gana da kowa shi kaɗai, tambaya ɗaya ya yi: wace magana ce ta fi yi maka zafi? Dattijon ya ce dariyar da aka yi a gaban jikansa, da kuma "matsalar ke nan". Malamin ya ce haɗa shi da Himinayas, domin ma'anarta shi ba mai ceto ba ne, kuma daga bakin wanda ya shirya shi baftisma ta fito. Babu wanda ya ambaci aya ko ɗaya.

A zama na biyu ya haɗa su a gaban majalisa, ya ba kowa takarda da tambayoyi 5 su amsa ba tare da duba na juna ba. Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce? Yesu zai dawo cikin jiki? Matattu za su tashi da jikinsu nan gaba? Akwai shari'a ta ƙarshe? Akwai wanda ya san ranar? Amsoshin suka zo iri ɗaya, i huɗu da a'a ɗaya. Sai ya sa dattijon ya sake karanta 2 Timoti 2:18 da ƙarfi, ya tambaye shi ko mai wannan takarda ya ce tashin matattu ya wuce. Dattijon ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "A'a. Ba shi ba ne."

Daga nan tsohon faston ya amsa tambayar da aka yi wa fasto a ofis. Ya ce Bulus ɗin da ya rubuta Galatiyawa shi ya rubuta Romawa. A Galatiya ya yi zafi don an mayar da kaciya sharaɗin samun ceto. A Roma ya ce a karɓi mai kiyaye ranaku da mai ƙin cin nama, don ba su ce ceto ya rataya a kan haka ba. A 1 Korintiyawa 15:3-4 kuma ya faɗi abin da ke kan gaba: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Shaidar bangaskiya da aka kammala a majalisar Kustantiniya a shekarar 381 ta ce zai sake zuwa da ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, mulkinsa ba shi da iyaka, ba ta ce komai a kan shekara dubu ba, alhali an riga an yi ƙarni biyu ana gardamar.

Ya gyara wa kowa tarihinsa. Gaskiya ne tsarin fyaucewa kafin tsanani ya bazu ne daga John Nelson Darby, wani mai wa'azi na Birtaniya, a shekarun 1830, ya ƙara ƙarfi da Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909. Amma ɗaukar shekara dubu a zahiri ba sabon abu ba ne, marubutan Kirista na farko irin su Yustin Shahidi da Ireniyas sun riƙe shi tun ƙarni na 2. Shi ma karatun malamin ba daga makarantar tauhidi ya fara ba, Agustin, babban malamin ikkilisiya, ya shimfiɗa shi a ƙarni na 5, bayan shi kansa ya taɓa riƙe wancan. Kwatanci da Miller kuwa zalunci ne, domin dattijon bai taɓa sa rana ba, yakan ma ja kunne da Markus 13:32. Abin da ya fi kama majalisar shi ne maganar Yustin: bayan ya faɗi cewa yana sa ran mulkin shekara dubu a Urushalima, ya yarda cewa akwai Kiristoci da yawa masu sahihiyar bangaskiya da ba su ga haka ba.

Zama na uku ya fi wuya. Kowa zai bayyana ra'ayin ɗayan har mai ra'ayin ya ce, "Haka nake nufi." Malamin ya ɗauka abu ne mai sauƙi tun da da zanen ya tashi. Dattijon ya ƙi amincewa da bayaninsa na farko. Ya ce jerin daidai ne, amma ba a faɗi dalilin da ya sa yake riƙe da shi ba. Da aka matsa, sai ya ba da labarin wani abokinsa da ya fara da cewa wannan alama ce, wancan misali ne, har ya ƙare da cewa tashin Almasihu ma misali ne. Tsoronsa ke nan ga yaran. Shi kuma dattijon ya ari takardun malamin ya yi mako biyu da su. A nan ne ya fara jin labarin yarinyar da ke leƙa ɗakin iyayenta cikin dare, wanda duk tsawon rikicin ba wanda ya gaya masa. Ya tambayi sunan iyayenta, ya je gidansu a wannan makon.

Laraba 4 a jere aka bi Romawa 14:1 zuwa 15:7 da dukan ikkilisiya. An fara da yanayin wasiƙar: Bulus ya rubuta ta wajen shekara ta 57, bayan sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma wajen shekara ta 49, korar da ta kai Akila, wanda ya zama abokin aikin Bulus, da matarsa Koranti. Masana da yawa na ganin da Yahudawa masu bi suka dawo bayan mutuwarsa a 54, sun tarar da ikkilisiyoyin a hannun al'ummai, masu cin kome, marasa kiyaye ranaku. An daɗe a kan aya 3, wadda ta hana abu biyu: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, gama Allah ya karɓe shi. Wani dattijo ya yi gardama cewa surar a kan abinci da ranaku take, ba a kan annabci ba. Aka yarda da shi, aka kuma nuna masa cewa dalilin da Bulus ya kafa a aya 4 da ta 10 ya fi abinci faɗi: bawan wani ne, kuma dukanmu za mu tsaya a gaban kursiyin shari'ar Allah. An lura da aya 5 ma, wadda ba ta ce kowa ya saki ra'ayinsa ba, cewa ta yi kowa ya tabbata a zuciyarsa.

Wata na 10: janye magana

Tsohon faston ya kafe a kan cewa inda aka yi magana nan za a janye ta, kuma da kalmominta. Dattijon ya tsaya a binciken Laraba ya ce, "Na haɗa ɗana da Himinayas, ba haka yake ba. Ina ganin bai karanta Wahayi 20 daidai ba, amma ɗan'uwana ne cikin Ubangiji." Malamin ya tsaya a ajin matasa, dattijon na zaune, ya ce, "Na sa kun yi wa Baba dariya, na kuma raina shi a gaban jama'a don bai je makarantar da na je ba. Baba, ka gafarta mini."

Majalisa ta mayar da malamin ajinsa, ta amince cewa dakatar da shi ba tare da jin bakinsa ba ya saɓa wa Matiyu 18:15-17, inda Yesu ya ce a fara yi wa ɗan'uwa magana kafin a ɗauki mataki a kansa. Ta kuma rubuta ƙa'ida gajeriya. Abin da ke cikin takardar bangaskiya, a kansa ake horo. Abin da ba ya ciki, mai koyarwa na da 'yancin faɗin ra'ayinsa, da sharaɗin ya ce nasa ne, ya kuma kawo na ɗayan yadda mai shi zai yarda. Kalmar "koyarwar ƙarya" ba mai furta ta a kan ɗan ikkilisiya sai majalisa ta zauna da shi.

Bayan shekara ɗaya

Babu wanda ya sauya ra'ayi cikin su biyun. Binciken Laraba ya koma wajen mutum 50. Taron gida na matasa ya ci gaba wata uku kafin ya mutu da kansa. Iyalai 2 sun bar ikkilisiyar, ɗaya na cewa an yi sulhu da kuskure, ɗayan na cewa an gaji da rigima. Ba a ƙara barin faranti ya wuce a Jibin Ubangiji ba. Matar dattijon na amsa gaisuwar malamin, amma a taƙaice. Mutum ɗaya a majalisa har yanzu yana ganin ya kamata a sa fyaucewa kafin tsanani cikin takardar bangaskiya, yakan kuma kawo maganar duk shekara.

Me ya hana, me ya yi aiki

Matakai ukun farko duk sun faɗi ne a wuri ɗaya. Sun ɗauka rikicin a kan ma'anar Wahayi 20 yake, alhali tun mako na biyu ya koma kan tambayoyi biyu dabam: wannan mutum mai bi ne, wancan kuma ya san abin da yake faɗa? An bar jaki ana dukan taiki. Dokar rufe baki ta zama hukunci a ɓoye. Muƙabala ta sa mutum biyu masu ciwo a gaban masu tafi. Wa'azin Matiyu 7 kuwa gaskiya ne da ba a ba shi iyaka ba, shi ya sa tambaya ɗaya ta dattijon ta tsayar da shi, kuma tambayar tana kan hanya. Ikkilisiyar da ba ta iya ce wa kome kuskure ba ta bi Bulus ba.

A ganina babban abin da shugabannin suka makara wajen gani shi ne raini. Laifin dattijon a fili yake, da ayoyi ya yi shi a gaban mutane, kowa na iya nuna shi. Na malamin ya shige cikin dariya da jimla guda, kuma da yake shi aka dakatar, sai ya zama abin tausayi. Romawa 14:3 ta sa laifin biyu a aya ɗaya, ta ma fara ambatar raini. Da an sa dattijon shi kaɗai ya nemi gafara, da ikkilisiyar ta koyi cewa mai takardar makaranta na da izinin wulakanta wanda ba shi da ita.

Hanyar na da iyaka. Ta yi aiki ne don takardun nan biyu sun zo iri ɗaya. Da malamin ya amsa a'a ga tashin matattu cikin jiki, da zargin dattijon ya tabbata, kuma horo ne zai biyo baya, ba haƙuri ba. Sa'an nan saɓanin shekara dubu ba ya tilasta wa ikkilisiya ta yi wani abu ranar Lahadi, mutum biyu na iya zama a benci ɗaya kowa da nasa. Yanzu haka majalisar na da wata takarda a gabanta, a kan ko mace za ta hau bagade ta yi wa'azi, inda masu hanawa bisa 1 Timoti 2:12 da masu yarda bisa Ayyukan Manzanni 2:17-18 duk suka amsa tambayoyin nan biyar iri ɗaya. Ƙa'idar wata na 10 za ta hana su kiran juna maƙaryata, amma ba za ta faɗa musu wanda zai tsaya a bagade ba, kuma dole majalisa ta zaɓi ɗaya.